Gora Na Goma Sha Biyu

Mu goma sha ɗaya muka shiga ruwa ran nan. Wannan ba na shakkarsa, don ni na ƙirga goruna a kan dutse tun kafin kowa ta sa rigar roba, kamar yadda na saba shekara da shekaru. Aji biyu kawai na yi a makaranta, amma ƙirgen goma sha ɗaya bai taɓa gagarata ba.

Sunana Bu Gapsun. Shekarata saba'in da tara a lokacin, sittin da huɗu daga ciki na yi su ne ina nutso a tekun ƙauyenmu, nan gabashin tsibirin Jeju. Goran farko da na riƙe na duma ne, uwata ta fafe mini shi. Na yanzu soso ne mai ruwan lemo, amma aikin bai sake ba: ki ɗaura masa raga, ki jefa masa dutse ya tsaya, ki nutsa, ki taso ki kifa ƙirji a kansa ki yi fito. Fiton nan shi ne numfashin da kika riƙe yake fita, shi ne kuma yadda 'yan'uwanki suke sanin kina da rai. Kowace mace da nata. Ko idona a rufe na san na kowa.

Kwana uku ke nan da buɗe kamun dodon koɗi. Muka tashi babu iska ko ta kaɗa gashin kai, mu da iska ke tashinmu take kwantar da mu. Teku ya kwanta kamar mai a faranti. Daga bakin dutse kana hango ƙasan ruwa, kana ganin inuwar kifi tana bin kifi. Matan suna ta murna, ban da ni. Ruwa ba ya tsami banza, haka kuma ba ya yin garau banza. Ranar da ido ya ga ƙasa sosai, ranar ce kwaɗayi yake cin numfashi: ki ga abu kamar kusa, ki miƙa hannu, ashe saura tsawon mutum biyu.

Akwai kuma abin da ke cina a rai. A bazarar da ta wuce na tayar da mutane daga aiki, na ce ga goran wata can yana yawo ba mai shi. Aka bar kamu aka je, ashe robar ragar masunta ce ta tsinke. Bayan kwana biyu Yongsil ta zo gidana. Ita ce shugabarmu yanzu, ni na koya mata riƙe numfashi tana 'yar shekara goma sha biyar. Ta zauna a bakin ƙofa, ta tambayi gwiwata, ta tambayi dankalin da na shuka, ta zagaya ta zagaya, sannan ta kawo maganar tekun kakanni. Wato ɗan lungun nan na bayan dutse inda ruwa bai wuce wuya ba, wanda muke bar wa tsofaffi su tsinci abin da suka samu.

"Samchun," in ji ta, don haka ake kiran kowane babba a wurinmu, "ban ce yau ba, ban ce gobe ba. Amma in aka sake, ba ni zan yi magana ba. Dokarki ce za ta yi."

Na san abin da take nufi. Shekara tara da suka wuce, lokacin ina shugabanci, Okpun ta bar abokiyar ruwanta a ƙasa ta bi wani kamu. Babu abin da ya samu kowa. Duk da haka a ranar na sauke goranta daga ƙusar manya a bangon da muke rataye kaya, na mayar da shi ta kakanni, tana kuka, mata suna ba ni baki, na ce doka ba ta da ƙanwa. Tun ran nan Okpun take tsintar ciyawa a lungu, tun ran nan kuma ba ta bar ni na sha ruwa da daɗi ba.

Da safen nan ma, muna zagaye da wuta muna toshe kunne da cingam, sai da ta tanka.

"Gapsun, ruwanmu yau da ɗumi kamar na wanka. Ki zo mana, na share miki dutse."

"Sai dai gawata."

"To ai ba nisa," in ji ta. Mata suka yi dariya, har da waɗanda na goya.

Abokiyar ruwana Chunwol ce, shekara ashirin da shida muna tare. Ta girmi yawancin matan amma ni Yaya take ce mini. Ƙa'idar ba ta da wuya: in ta nutsa ni ina sama ina kallon ƙafarta, ba na nutsawa, ba na juya baya, sai ta taso ta yi fito. In na nutsa ita ma haka. Muka goge gilashin fuska da tazargade, muka ɗaura darma a ƙugu, muka tura goruna muka nufi wajen Baƙin Dutse, inda ruwa ya kai tsawon mutum shida.

Aiki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Kafin rana ta ɗaga sosai ragata ta fara nauyi. Da yake babu iska, fito yana tafiya nesa, kina jin na kowa tsaf kamar a ɗaki ɗaya kuke. Na taso daga wani nutso, na kifa a gorana, na yi abin da na saba, wato ƙirge.

Goma sha biyu.

Na ce to, na ƙirga kaina sau biyu ke nan. Na dafa gorana da hannu don kada ya shiga lissafi, na ƙirga sauran. Goma sha ɗaya, ban da nawa. Na cire gilashi na wanke ido da ruwan gishiri na mayar. Na sake bi da suna: ga Chunwol kusa da ni, ga Yongsil, ga matan gidan Hyon su biyu, ga wance, ga wance, har na cika goma. Kowace da goranta, kowane gora da mai shi. Can kuma gefen gabas, wajen da ba mu da aiki ran nan, ga wani mai ruwan lemo irin namu sak.

Na kasa kunne. Fito goma nake ji, na san masu su. Daga gabas babu ko ɗaya.

Abin da ya fi ruɗa ni, goran nan tafiya yake yi. Gora ba ya tafiya ranar da babu iska, babu igiyar ruwa, ga shi kuma da dutse a gindi. Wannan kuwa yana ta ja a hankali, miƙe kamar an sa masa zare, ya nufi tsakiyar teku. Rana tana dukan ruwan wajen, ƙyalli ya hana ni ganin ko akwai wani abu a gabansa. Wani lokaci in ga kamar ruwa yana ɗan fashewa, wani lokaci in ga ba komai.

Na yi niyyar tambayar Chunwol ko tana gani, sai na tuna robar masunta, na haɗiye. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. In na yi magana ya zama wata robar ce, yau ɗin nan Okpun za ta samu maƙwabciya. In kuma Chunwol ta duba ta ce ba ta ga komai ba, wannan ya fi muni, don ke nan ba ido ne ya tsufa ba, kai ne. Na ce bari in yi nutso ɗaya, in na taso wataƙila ya ɓace. Na nutsa, na ɗauko dodon koɗi biyu ban ma san na ɗauko ba, na taso. Yana nan. Ya ƙara nisa.

Na shiga lissafin ko na matan ƙauyen bayan tsauni ne. Amma su ranar ba ranar shigarsu ba ce, kuma ba a taɓa yin wadda ta tsallako iyaka ita kaɗai ba. Na tuna kuma da abin da uwata ta ce, goran da ya rasa mai shi yakan nemi hanyar gida. Sai dai wannan ba gida ya nufa ba.

Ina cikin haka Chunwol ta taso tana haki, idonta yana ƙyalli a cikin gilashi. Ta ce ta ga jonbok, wani irin dodon koɗi mai tsada, a ƙarƙashin wani dutse, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu, numfashi ya ƙare mata kafin ta ɓamɓare shi, amma ta ajiye ɓawo mai ƙyalli a wurin don ta gane. Jonbok irin wannan, mai maƙale wa dutse kamar an haife su tare, sai a shekara ba a ga ɗaya ba. Ta huta kaɗan, ta zura igiyar ƙarfen da muke ɓamɓara da shi a wuyan hannu.

"Yaya, ki dube ni da kyau. Wannan da zurfi."

Na ce ina kallo. Ta kifa, ƙafafunta suka tashi sama, ta tafi.

Ni kuwa sai idona ya koma gabas. Goran ya tsaya cik. Ƙyallin rana ya ɗan gusa, sai na ga abu baƙi, dogo, kwance a gefensa. Mutum ne cikin rigar roba, fuska sama, hannuwa a buɗe, ba motsi.

Mai nutso ba ta kwanciya rigingine a kan ruwa. In ta gaji kifa ƙirji take a gora. Sau uku a rayuwata na ga mace fuska sama a teku, duka ukun kuma da hannuna na taya ɗaukar su. Al'adarmu kuwa a bayyane take: gawar da ta shigo ruwanki taki ce, ko daga ina ta fito, kuma babu mai sake nutso sai an fitar da ita.

Na ɗaga ƙarfena sama, na buga shi a gora, na yi kiran da ake yi in an hango gawa. Na sa ƙafa na finciko dutsen gorana na nufi gabas. Zan faɗi gaskiya tun yanzu, don ba na son mai ba da labari yana ɓoye nasa: ban tuna da Chunwol ba. Ko kaɗan ba ta zo mini a rai ba.

Mata suka ɗago, suka ga inda na nuna, suka biyo. Tafiyar da nisa, ga raga ta yi nauyi, muna tura goruna da ƙirji muna harba ƙafa. Ɗaya daga matan gidan Hyon ta fara kuka ƙasa-ƙasa tun ba mu isa ba. Yongsil ta wuce ni, da yake ƙafarta da sauran ƙarfi, ita ta fara kaiwa. Ta miƙa hannu ta kama wuyan rigar kamar yadda ake kama wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Gawar ta yi ƙara, ta shure ta, ta sha ruwa, ta tashi zaune a cikin teku tana tari.

Mace ce, za ta yi shekara arba'in, da hula ruwan ƙwai da wani ɗan tabarau ƙanƙane kamar idon kwaɗo. Ba darma a ƙugunta, ba ƙarfe, ba raga. Goran kuwa da muka matso sai muka ga ba gora ba ne, jaka ce da aka hura wa iska, an ɗaura mata ita a ƙugu da igiya. Ta dube mu, tsofaffin mata cikin baƙaƙen kaya sun zagaye ta a tsakiyar teku, mu ma muka dube ta. Ban san wanda ya fi wani tsorata ba.

Yongsil ce ta fara samun baki. Ta tambaye ta ko jirginsu ne ya kife. Ta ce a'a. Ko faɗowa ta yi daga dutse, ta ce a'a. Daga harshenta muka gane 'yar babban yankin ƙasa ce, ba 'yar tsibirinmu ba, sai an maimaita mata magana take fahimta. Ta ce sunanta Yujong, wata biyu ke nan da ta kama haya a ƙauyen bayan tsauni, kuma iyo take yi.

"Iyo zuwa ina?" in ji Yongsil.

"Zuwa wancan dutsen, in dawo."

"Me ke kan dutsen?"

"Ba komai."

"To wa ya aike ki?"

Ta ce ba wanda ya aike ta, ta ga ruwa ya kwanta ne, ta ce yau ranar iyo ce. Muka dubi juna. Wata ta ce ƙarya ne, banza ba ta kai zomo kasuwa, a buɗe jakar, dodon koɗinmu take sata. Matar ba ta yi gardama ba, ta kwance bakin jakar da kanta. Waya ce a ciki, da makullin mota, da rabin ayaba.

Na matsa kusa. Na ce mata, 'yar nan, in iyo kike, me ya kwantar da ke kamar wadda aka gama da ita? Ta ce hutawa take, tana kallon sama. Na ɗaga kai na duba, ko akwai jirgi ko wani tsuntsu. Babu ko gajimare. Na ce me ke saman? Ta yi 'yar dariyar kunya ta ce ba komai, kyau dai ta yi mata.

Shekara sittin da huɗu ina shiga ruwan nan, ban taɓa shiga don ya yi kyau ba. Mun shiga da ciki wata tara, mun shiga kwana uku da haihuwa, mun shiga ranar da ƙanƙara ke zuba, duk don a ci a gida. Ga mace da ƙafafunta lafiya, da mota, ta keta ruwa mai tsawon mutum goma ba ƙarfe ba raga, don ta taɓa dutsen da babu komai a kansa. Na rasa ta inda zan kama maganar. Mata kuwa tsoro ya sake su, suka fara tsiya. Wannan ta ce a ba ta raga ko ta rage asara, waccan ta ce mijinta ne ya kore ta, ta uku ta ce a'a, irin wannan ai ita ke korar miji. Matar tana ta sunkuyar da kai tana ba da haƙuri, ruwa yana shiga mata baki.

Ni dai zuciyata ta ɗan yi sanyi ta wani gefen. Ba roba ba ce wannan karon, mutum ne. Idona bai yi ƙarya ba. Don in ƙara tabbatarwa sai na sake ƙirga gorunan da ke zagaye da ni. Goma sha ɗaya cif. Na ce madalla, lissafi ya dawo daidai.

Sai da na ɗan jima sannan abin ya faɗo mini. Goma sha ɗayan har da jakar baƙuwa.

Na juya. Can baya, wajen Baƙin Dutse, gora ɗaya yana zaune shi kaɗai a kan ruwa mai santsi. Na ce kowa ta yi shiru. Muka kasa kunne. A ranar da ake jin fito daga ƙarshen teku, babu abin da ya zo daga can.

Ban san da wace murya na kira sunan Chunwol ba. Yongsil ta dube ni sau ɗaya, ta kwance ragarta ta saki kamun safiya gaba ɗaya ya nutse, ta tura gora. Duk muka yi haka. Baƙuwar ta tambayi abin da ya faru, wata ta nuna mata da hannu ta ce akwai mutum a can. Sai ta ja ɗan tabaraunta, ta kifa fuska a ruwa, ta fara wurga hannuwa ta saman kai, ɗaya bayan ɗaya.

Mu ba ma iyo haka. Mu ƙasa muka iya, ba gaba ba. Na ga matar nan tana yanka ruwa kamar almakashi a yadi, jakarta tana binta a baya, kafin mu ci kashi ɗaya cikin huɗu na hanya ita ta kai. Daga nesa na ga ta tsaya a gefen goran, na ga kai biyu a maimakon ɗaya. Ban yarda da idona ba sai da na ji shi: wani ɗan fito siriri, a karye, kamar na ɗan tsako. Na Chunwol ne. Ko a lahira na ji shi zan gane.

Da muka isa mun tarar da ita rungume da igiyar gora, leɓɓanta sun yi shuɗi, baƙuwar ta tallafe mata haɓa. Daga baya ta ba mu labari. Ta zura ƙarfe a ƙarƙashin jonbok, shi kuwa ya damƙe dutse da ƙarfen gaba ɗaya, igiyar tana wuyan hannunta. Ta ja, ta ja, ta ɗaga kai tana jiran in sauko in yanke igiyar kamar yadda na taɓa yi mata sau biyu. Ba ta ga ƙafata a sama ba. Da ƙyar ta zare hannun, fata ta saɓule, ta taso ta sha ruwa a hanya. Ta samu ta kama igiya, amma hawa goran ya gagare ta, numfashin fito ma babu. Ta ce tana nan tana zamewa kaɗan-kaɗan sai ga wani abu mai kai ruwan ƙwai da idon kwaɗo ya kama ta, ta ɗauka ɗan aiken Sarkin Teku ne, har ta fara ba shi haƙuri kan shinkafar da ba ta jefa masa ba bana.

A bakin wuta aka naɗe mata hannu, aka lulluɓe ta da bargo biyu. Aka zaunar da baƙuwar ma, aka tura mata gasasshen dankali, tana ci tana rawar sanyi. Kakanni sun fito daga lungunsu sun zauna, Okpun a tsakiyarsu. Babu kamu ko na miya, a rana mafi kyau ta shekara.

Yongsil ta yi gyaran murya ta ce game da kiran da Samchun ta yi, babu laifi a ciki. Gora ba fito, mutum fuska sama, ko ita ta gani abin da za ta yi ke nan. Mata suka ce haka ne. Chunwol kuma ta karɓe, murya a dishe, ta ce ita ce da laifi, ita ta yi kwaɗayi, kuma ma ta riga ta taso kafin Yaya ta tafi, ita ta ce mata je ki. Ƙarya take yi, kowa ya sani, kowa kuma ya shirya ya karɓa. Yongsil tana ta tura itace a wuta don kada mu haɗa ido.

Na dubi Okpun. Na ɗauka za ta yi magana, ranarta ce ta zo. Ita kuwa sai ɓare dankali take yi abinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

An ce wanzami ba ya son jarfa. Na zauna ina jin yadda ƙaryar Chunwol take da daɗin kwanciya, kamar ɗaki mai ɗumi. Ba wanda zai hana ni shiga gobe. Amma laifi tudu ne, na daɗe ina taka nawa ina hango na wasu, ran nan kuwa tudun ya yi tsawon da ba ya takuwa.

"Chunwol, rufe bakinki," na ce. "Kina ƙasa na tafi. Kin ce in dube ki, na ce ina kallo, ban kalla ba."

Na tashi, gwiwa tana ƙara, na ɗauki gorana na wuce ƙusar da na rataye shi shekara arba'in, na kai shi bangon kakanni. Akwai ƙusa ɗaya ba kowa, kusa da ta Okpun. Chunwol ta fara kuka tana cewa wa zai dube ta yanzu, na ce wadda za ta duba ɗin. Baƙuwar ta miƙe a ruɗe tana tambaya ko saboda ita ne, ko akwai abin da za ta yi. Ba wanda ya san yadda zai yi mata bayani, sai aka ƙara mata dankali.

Okpun ta matsa mini a kan benci.

"Dutsen da na share miki yana nan," in ji ta. "Sai dai kaguwa ta riga ki."

Yanzu kaka biyu ke nan ina lungu. Ruwan da ɗumi, wannan Okpun ba ta yi ƙarya ba. Daga nan ma ina jin fiton manya in iska ta kwanta, ina kuma ƙirgawa, ko da yake ba wanda ya sa ni. Yujong ba ta daina iyonta ba. Yongsil ta kafa mata sharaɗi biyu: ta sake wa jakarta launi, kuma duk inda ta tsaya hutawa ta yi fito. Ta sayo kore. Fiton kuwa ni aka ba wa aikin koya mata, har yau kamar buta take yi, amma ana ganewa. In ta zo wucewa takan ɗago hannu ta ce, "Samchun, ruwa ya yi kyau yau." Na taɓa ɗaura mata 'yar raga a jakar, na ce ko da wasa ta tsinto wani abu. Ta dawo mini da ita da robar ruwan sha biyu da takalmi ƙafa ɗaya.

Na tambaye ta ya fi sau goma abin da take nema a can, amsar ba ta sake ba. Na tambayi Chunwol ko ita ta gane, ta ce ita dai ta san hannun matar da ƙarfi.

Rannan aka sake yin irin waccan ranar, ba iska, ruwa garau. Na faki idon Okpun ta sunkuya tana tsinta, na saki gora, na kwance darma na ɗora a dutse, na kwanta rigingine na buɗe hannuwa. Ruwa ya shiga mini hanci, kunnuwa suka toshe, na daure. Na duba sosai, daga wannan gefe har wancan. Sama ce kawai. Na ƙara jira kaɗan ko wani abu zai fito.

Sai na ji an zungure ni da ƙarfe a haƙarƙari.

"Gapsun," in ji Okpun, "in mutuwa kika yi ki faɗa, in kira mutane. In kuma ba ita ba ce, tashi, kin kwanta a kan ciyawata."